Kujerar Bakin Taga

Kawuna mai karanta mitar ruwa ne. Aikin da ya ci abinci da shi ke nan har ya yi ritaya, amma in ka shiga layinsu ka tambayi gidan mai karanta mita, sai a yi ta kallon juna. Ce musu Dakata kake nema, yanzun nan a nuna maka benen da ke bayan kantin magani, ka hau sama, ƙofar da fentinta ya ɓare ita ce tasa.

Kyamara ce ta jawo masa sunan. Ba mai hoton sana'a ba ne, bai taɓa buɗe shago ba, in ma ka kira shi mai hoto sai ya gyara maka, ya ce sha'awa ce kawai. Amma sha'awar nan tasa ta wahalar da dangi fiye da yadda ta wahalar da shi. Za a taru, kowa ya sha kwalliya, a jera, a washe baki, shi kuma ya sa ido a kyamara, ya ɗago, ya dubi sama.

"Ku dakata, ga gajimare nan zuwa."

Sai a dakata. Murmushi ya bushe a fuska, jariri ya fara tsala kuka, tsofaffi su nemi wurin zama. Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, ta sha cewa gara ta je a cire mata haƙori da ta tsaya gaban kyamarar yayanta. In hoton ya fito kuwa, ita ce kan gaba wajen wawura.

Yawon karanta mita ne ya koya masa haske. Ya taka kowane lungu na unguwannin nan da ƙafa, safe da yamma, har ya san bangon da rana ke fara taɓawa da wanda take bari daga ƙarshe. Abokan aikinsa sun san gidaje da karnukan da ke cikinsu, shi kuwa ya san su da inuwarsu. Jakarsa ta aiki kullum da kyamara a ciki, an naɗe ta da tsohuwar riga, tsohuwar kyamara ce mai cin fim, mai nauyi kamar dutsen guga.

Ni ban gaji sha'awar ba, amma na gaji karatun, don duk wanda ya zauna kusa da Kawu sai ya sha shi ko yana so ko ba ya so. Kada ka tsayar da mutum yana fuskantar rana, zai runtse ido ya fito kamar mai jin haushinka. Ka kai shi inuwa, kusa da farin bango, bangon zai mayar masa da haske a hankali. In a ɗaki ne, a zaunar da shi gefen taga, haske ya zo ta gefe guda, ɗaya kuncin a bar masa 'yar inuwa, don fuskar da ba inuwa ba ta da labari. Ka saita kyamara a kan idon da ya fi kusa da kai, in ido ya fito, an yafe maka sauran. In haske ya yi ƙaranci, kyamara za ta daɗe kafin ta rufe ido, to ka manne gwiwar hannunka a haƙarƙari, ka riƙe numfashi, wanda ake ɗauka shi ma kada ya motsa, in ba haka ba hayaƙi za ka kwaso.

Abu ɗaya ne ya tsana a duniya, filasha, wutar nan da ke walƙawa a fuskar mutane. Ya ce wannan ba ɗaukar hoto ba ne, mari ne. A kan filasha ya ɓata da Tela, wanda shagonsa yake ƙasan benensu a lokacin. Tela ya sayi 'yar ƙaramar kyamara irin wadda ba ta bukatar tunani, ka danna kawai ta walƙa, ya zo da murnarsa yana nuna wa maƙwabta hotunan da ya ɗauka. Kawu ya karɓa ya juya su, ya ce a gaban kowa, "Wannan ai kamar an haska ɓeraye a sito da tocila." Aka tuntsire da dariya. Tela bai yi dariya ba. Daga ranar sai gaisuwa ta baki, daga baya ma ya tashi da shagonsa zuwa bakin kasuwa, gaisuwar ita ma ta mutu.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ce kishiyar halinsa ta kowace fuska. Ban taɓa ganinta ta gama shan shayi a zaune ba. Tana magana tana shara, tana dariya tana yanka albasa, kana ba ta labari ta riga ta fita ta dawo ta ce, "Ci gaba, ina jinka." Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne a ɗakunan nan shekara da shekaru, shi yana jiran haske, ita tana kewaya shi da tsintsiya.

Ya yi mata alkawarin hoto tun suna da ƙuruciya. Ba irin hoton da yake ɗaukar mu ba, hoto na gaske. Saboda ita ya nemo wani dogon gilashi na kyamara, wanda ya ce shi ne na fuska, don gajeren gilashi in an matso da shi kumbura wa mutum hanci yake yi, dogon kuwa daga nesa yake ɗauka, ya bar fuska yadda Allah ya yi ta, ya narkar da duk abin da ke bayanta. Ya sa shi cikin safa mai kauri ya ajiye a saman kabad. Ya zaɓi wuri, bakin tagar ɗakin zama, ya ajiye wata kujerar katako a wurin. Ya ce akwai lokacin shekara da rana ke bugun farin bangon gidan da ke kallonsu da safe, hasken ya dawo ya shigo tagar da laushi. A wannan hasken zai ɗauke ta.

Lokacin ya zo ya wuce sau da yawa. Wata shekara fim ɗin da ke hannunsa ba mai kyau ba ne. Wata shekara ta zauna, yana cikin juya zoben gilashi ta miƙe zumbur.

"Malam, tukunyata na ƙonewa."

"Minti ɗaya, Innar yara."

"Mintinka ai na san tsawonsa. Gobe ma rana ce."

Haka yake kiranta, Innar yara, ko da yake yaran namu ne, na ƙannensa. Ya ɗauki kowa. Ya ɗauki masu tafiya karatu, ya ɗauki amare, ya ɗauki tsofaffin da aka ga jiki ya fara ƙi, don waɗannan masu tafiya ne, ba a jira da su. Ita kuwa tana nan. Wa yake gaggawa da mutumin da zai tashi da safe ya gan shi?

Abin da ke cin raina har yau, da wayoyi masu kyamara suka cika gari, mu yaran mun sha ɗaga waya mu ce, "Inna, juyo." Sai ta tare fuska da faranti ko da bakin mayafi.

"Ku rufa min asiri. Ni mijina mai hoto ne, shi zai ɗauke ni."

Muna ɗauka wasa ne. Ashe da gaske take, jira take yi.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ba kowa lokaci ba. Ta kwanta a farkon mako, kafin mako ya zagayo an gama komai. Jama'a suka zo suka watse, ƙannensa suka koma gidajensu, aka bar Kawu da ɗakuna biyu da kujerar bakin taga. Ni ce hanyar aikina ta bi ta layinsu, don haka ni nake leƙa shi da yamma in kai masa abinci. Nakan same shi zaune a bakin gado, rediyo a kashe, kofin shayi ɗaya a kan tire. Gidan da ba a taɓa yin shiru a cikinsa ba, yanzu har ɗigar famfon banɗaki kana ji. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana rubuta wa mutane ruwan da suka ɓarnatar, ya bar nasa yana zuba.

Watanni suka shige. Wata rana na shigo na tarar an zazzage kabad, hotuna a baje a gado, a tabarma, har a kan kujerar cin abinci. Yana tsakiyarsu da tabarau a karan hanci.

"Kawu, lafiya? Ɓarayi ne suka shigo?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "'Yata, fuskar Innarku ta fara ɓace min."

Na ajiye kwano na zauna.

"Muryarta tana nan, in na rufe ido ina jinta sarai. Tafiyarta ma ina gani. Amma in na ce bari in dubi fuskar, sai ta ƙi tsayawa. Jiya na tuna goshinta, na kasa tuna bakinta. Ina tsoron in wayi gari babu komai."

Na ce ai mai hotuna kamar nasa ba zai rasa ba, muka shiga nema. Kwana da kwanaki muna yi, in na taso daga aiki sai mu ɗauki akwati ɗaya. Inna tana cikin hotunan kam, kusan ko'ina. Ga hannunta riƙe da tire a gefen hoton wani ango. Ga bayanta a bakin ƙofa. Ga ta tana ratsawa bayan mutanen da suka jera, ta zama wani farin hayaƙi mai siffar mace, don su sun tsaya cak yadda ya umarta, ita kuwa ba wanda ya isa ya tsayar da ita. Akwai wanda ta zauna a kujerar taga, ranar tukunyar nan, kujera ta fito tsaf har ana ganin tsagar katako, ita kuma ta riga ta fara miƙewa, fuskar ta shafe kamar an goga yatsa a ɗanyen fenti.

Na nemo katinta na shaida. Hoton bai kai kan babban yatsa ba, hatimi ya danne rabin kuncinta, ta ɗaure fuska kamar wadda aka tuhuma da sata. Ya duba ya miƙo min.

"Wannan ba ita ba ce. Kin taɓa ganin Innarku da bakinta a rufe?"

Na bi dangi ɗaya ɗaya, kowa ya duba wayarsa. Faranti, mayafi, tafin hannu. Abin da muka tara ke nan.

Ni ce na fara ambaton Tela, kuma na san abin da zai biyo baya. Na ce mutumin nan ya yi shekaru yana walƙa wa mutanen layin nan wuta ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ƙila ya kama ta ba ta shirya ba.

Kawu ya ɓata rai. "Hoton filasha?"

Raina ya ɓaci ni ma. Na ce, "Kawu, fuska kake nema ko haske?"

Na tafi gida ina jin na yi wa babba rashin kunya. Da na dawo bayan kwana biyu, na same shi tsaye a bakin bene da rigarsa ta fita unguwa, an goge ta, gugar namiji, wuya ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe.

"Mu je," ya ce. "Amma ke za ki fara magana."

Shagon Tela ƙarami ne, tsakanin mai sayar da bokitai da mai gyaran takalmi. Shi ma ya tsufa, ya sunkuya a kan keken ɗinki, awo rataye a wuya. Da ya ga wanda ke bayana sai ƙafarsa ta tsaya a kan feda. Na buɗe baki zan fara, Kawu ya riga ni.

"Na zo roƙo ne. Ko kana da hoton mai ɗakina."

Tela ya cire tabarau ya dube shi da kyau. Na ɗauka zai rama, kuma da ya rama ban ga laifinsa ba. Sai ya ce, "Na ji rasuwar, Malam. Na zo har bakin bene na kasa hawa. Allah ya jiƙanta, mace ce mai kirki." Ya miƙe da kyar ya jawo wata jakar leda daga ƙarƙashin teburin yanka, cikin ƙyallaye da guntayen alli. "Ban san abin da ke ciki ba. Hotunan ɓeraye ne dai, sai haƙuri."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Bakina ne ya yi tsawo ranar."

"Ai gaskiya ka faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Zauna."

Muka baje su a kan teburin. Kai, hotunan nan sun yi muni, Allah ya sani. Kawunan mutane a yanke, goshi na ƙyalli, baƙar inuwa a manne da bango bayan kowa. Ina satar kallon Kawu, ina ganin leɓensa na motsi, yana haɗiye gyara. Wata mata ta zo karɓar ɗinki, Tela ya ce ta dawo gobe. Mun kusa kai ƙasan jakar, na fara tunanin abin da zan ce masa a hanyar komawa, sai na ga hannunsa ya tsaya.

Ranar da Tela ya sayi sabon keke ne, ya tara maƙwabta a tsohon shagon aka sha shayi. Hoton a karkace yake, gwiwar hannun wani ta cinye kusurwa guda. Mutane sun cunkushe suna kallon kyamara. A gefe ga Kawu, gashinsa da sauran baƙi, ya sunkuyar da kai yana juya zoben tasa kyamarar, ko sanin ana ɗauka bai yi ba. Kusa da shi ga Inna, da buta a hannu, filasha ta kama ta cak a tsakiyar motsi. Komai ya fito, goshin, 'yar wushiryar, tabon da ke ƙasan haɓarta. Bakinta a buɗe, dariya na shirin kufce mata.

Kawu ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya kai hoton kusa da tabarau. Da ya buɗe baki, karatu ne ya fito, don shi ne yaren da ya iya.

"Ka ga kowa idonsa ya yi ja? Haka filasha take yi, in mutum ya kalle ta kai tsaye sai wutar ta shiga idon ta dawo." Ya ɗora yatsa a gefen fuskarta. "Ita kaɗai ce nata bai yi ja ba. Ba kyamara take kallo ba."

Tela ya leƙo ta kafaɗarsa. Ya ce a hankali, "To wa take kallo, Malam?"

Kawu ya bi layin idonta da yatsa, yadda ya koya mana, yatsan ya sauka a kan sunkuyayyen kansa a cikin hoton. Na juya na kama kallon bokitan maƙwabci, don ba a kallon babba yana kuka, ni ma kuma ba gani nake sosai ba.

Tela ya sa hoton cikin takardar da yake naɗe ɗinki, ya rako mu har bakin titi. Da muka kai ƙasan benensa sai Kawu ya tsaya ya dube ni.

"Kullum haka take kallona in ina saita kyamara?"

Na ce, "Kullum, Kawu. Kowa ya sani."

Ya gyaɗa kai ya hau sama, yana dafa bango.

Yana nan har yanzu a ɗakunan nan biyu, shi kaɗai. Ya gyara famfon. Tela yakan hau benen wani lokaci su sha shayi, su yi musu a kan abin da bai kai ya kawo ba, amma yawancin yini ba mai ƙwanƙwasa ƙofar. Dogon gilashin yana cikin safarsa a saman kabad, ban ga ya sake taɓa shi ba.

Kwanakin baya ya kira ni a waya da sassafe, abin da bai saba ba, ya ce in biyo kafin in wuce aiki, kada in makara. Na hau da gudu ina tsammanin ciwo ne. Na same shi zaune a bakin gado, hannuwa a kan gwiwa. Ya sa hoton a firam, ya jingina shi a kan kujerar katako ta bakin taga. Rana ta bugi farin bangon gidan da ke kallonsu, hasken ya dawo ya shigo da laushi, ya kwanta a gefen fuskarta.

"Kin gani?" ya ce, bai juyo ba. "Hasken da nake gaya mata ke nan."

Na ce na gani.

"Yau dai ta zauna."